Yarinyar Landan da fej guda uku: nazarin jinyar cutar huhun da ta gagari magani

A watan Satumba na 2017 likitocin asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan suka yi wa wata yarinya 'yar shekara 15 dashen huhu biyu. Aikin ya yi kyau, babu wata tangarɗa a ɗakin tiyata. Bayan wata bakwai sai ga shi an sallame ta ta koma gida, ba don ta warke ba, sai don dabara ta ƙare wa likitoci. Abin da ya rage kawai shi ne a riƙa rage mata raɗaɗi har lokacin da Allah zai yi ikonsa. Likitar da ke kula da ita, Dakta Helen Spencer, ta shaida wa manema labarai daga baya cewa a irin wannan hali damar tsira ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ciwon da aka haife ta da shi sunansa sistik faibrosis. Yadda ake gadonsa daidai yake da yadda ake gadon sikila: uwa tana ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gadon guda ɗaya, uba ma haka, su biyun lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu cewa ɗan zai kwaso duka biyun. An gano ƙwayar gadon da ke haddasa ciwon a 1989, ana kiranta CFTR. Aikinta shi ne gina wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanyoyin numfashi da hanji, wadda sinadarin gishiri ke bi ya fita, ruwa kuma ya bi shi. Idan ƙofar ta lalace sai majinar da ke cikin huhu ta bushe ta yi kauri, ta ƙi fita. Ciwon ya fi yawa a tsakanin Turawa. A Birtaniya kusan jariri ɗaya cikin 2,500 ne ake haifa da shi, kuma masu fama da shi a ƙasar sun haura dubu goma.

Ba majinar ce ke kashe mutum kai tsaye ba. Abin da ke zama a cikinta ne. Ƙwayoyin bakteriya da huhun mai lafiya zai tattara ya watsar cikin 'yan sa'o'i, a huhun mai wannan ciwo sai su sami wurin zama su yi shekaru. Ana ba su magani, suna lafawa, suna dawowa, a hankali suna koyon yadda za su jure wa maganin. Yarinyar ta daɗe tana ɗauke da iri biyu: Pseudomonas aeruginosa, wadda kusan kowane asibitin masu wannan ciwo ya san ta, da kuma Mycobacterium abscessus. Shekara takwas ta yi tana shan magani saboda ta biyun kafin a yi mata dashe. Ga kuma ciwon suga mai buƙatar allurar insulin, ga hanta da ta taɓu, duk a dalilin ciwon na gado.

Mycobacterium abscessus 'yar uwa ce ga ƙwayar tarin fuka da ta kuturta. Tana rayuwa a ƙasa da ruwa, har da ruwan famfo, kuma ba kasafai take yi wa mai lafiya komai ba. Fatarta mai kauri ce, mai maiƙo, magani ba ya ratsa ta da sauƙi, sannan tana da sinadaran da ke lalata wasu magungunan tun kafin su yi aiki. Magungunan tarin fuka da aka saba da su ba sa taɓa ta. Jinyarta kan ɗauki watanni da yawa da haɗin magunguna uku ko huɗu, wasu ta jijiya, irin su amikacin da ke iya kurumtar da mutum ya kuma raunana ƙoda. Duk da wannan wahala, sau da yawa ba a iya kawar da ita. Shi ya sa cibiyoyin dashen huhu da dama ba sa karɓar wanda ke ɗauke da ita. Dalilinsu a fili yake: wanda aka yi wa dashe dole ya riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki don kada jikinsa ya ƙi sabon huhun, kuma da zarar garkuwa ta kwanta, ƙwayar da ta maƙale a wani lungu za ta fito ta yi yadda take so.

Haka kuwa aka yi. Bayan tiyata magungunan jijiya suka galabaita yarinyar da tashin zuciya da gudawa da ƙin abinci, har dole aka dakatar da su. Cikin mako guda wurin ɗinkin da ke ƙirjinta ya yi ja. Aka koma kan magani, amma ƙwayar ta riga ta bazu. Miki ya buɗe a ƙirji ya ƙi rufewa, hanta ta kamu, ƙuraje masu tauri suka fara fitowa a hannu da ƙafa da mazaunai. A cikin mako takwas bayan sallamarta sababbi ashirin suka ƙaru.

Mahaifiyarta ce ta kawo zancen fej, bayan ta yi ta bincike a intanet. Wannan yana da muhimmanci a wurina, domin a labarai irin wannan an fi tunawa da sunan farfesa, a manta da uwar da ta ƙi yarda cewa magana ta ƙare, da kuma likitar da ta saurare ta maimakon ta ce mata wannan ba huruminta ba ne.

Mene ne fej?

Bakteriyofej, ko fej a taƙaice, bairos ne da ba ya kama mutum ko dabba, bakteriya kaɗai yake kamawa. Yana manne wa jikinta, ya tsarga mata DNA ɗinsa, wato tsarin gadonsa, ya tilasta mata ta daina aikin kanta ta koma ƙera 'ya'yansa, har ta cika ta fashe, sababbin su fito su nemi wata. Babu wata halitta da ta kai su yawa a doron ƙasa. Suna cikin teku da turɓaya da magudanan ruwa da hanjinmu. Frederick Twort ya ga alamarsu a Ingila a 1915, Félix d'Hérelle kuma ya bayyana su a cibiyar Pasteur ta Faris a 1917, ya ma fara jinyar masu atini da su. Da fenisilin ya yawaita a shekarun 1940 sai ƙasashen Yamma suka yi watsi da su. Aikin ya ci gaba a Tarayyar Sobiyet da Folan, musamman a cibiyar Eliava da ke Tibilisi a ƙasar Jojiya, wadda aka kafa a 1923, kuma har yau tana karɓar marasa lafiya.

Abin da ya sa aka bar su shi ne kuma abin da ke wahalar da masu dawowa da su yanzu. Maganin antibayotik guda yana iya kashe nau'o'in bakteriya masu yawa, don haka likita zai iya rubuta shi tun kafin sakamakon gwaji ya fito. Fej ba haka yake ba. Wanda ya kashe Mycobacterium abscessus ɗin da ke jikin wannan majinyaci, mai yiwuwa ne ko kallo ba zai yi wa ta jikin majinyacin gadon da ke kusa da shi ba, alhali sunansu ɗaya a takardar gwaji. Dole a ɗebo ƙwayar mutumin da kansa, a raina ta a faranti, a riƙa ɗiga mata fej ɗaya bayan ɗaya ana duban inda ta mutu.

Wanda ya fi kowa tarin fej masu kama dangin wannan ƙwaya shi ne Farfesa Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh a Amurka. Ba don jinya ya tara su ba. Tun 2008, tare da cibiyar binciken lafiya ta Howard Hughes, yake jagorantar wani shiri mai suna SEA-PHAGES, inda ake sa ɗaliban shekarar farko a jami'a su fita su ɗebo ƙasa, su tace fej daga ciki, su raɗa masa suna, su karanta tsarin gadonsa. Manufar ita ce a koya wa matasa bincike da hannunsu. A haka firizoyin ɗakin gwajinsa suka cika da fej fiye da dubu goma, sama da 1,800 daga ciki an riga an karance DNA ɗinsu kaf. Akasarinsu an raine su ne a kan Mycobacterium smegmatis, wata 'yar uwar ƙwayar da ba ta cutarwa, mai saurin girma, wadda ɗalibi zai iya taɓawa ba tare da haɗari ba.

Masanin ƙwayoyin cuta na asibitin Landan, James Soothill, shi ya tuntuɓi Hatfull. Aka aika samfur na majinyata biyu, domin akwai wani matashi mai irin wannan ciwo da shi ma ƙwayar ta taso masa bayan dashe. A Pittsburgh aka laƙaba wa ƙwayar yarinyar GD01, ta ɗayan kuma GD02. Rebekah Dedrick, mai bincike a ɗakin gwajin, ita ta ɗauki nauyin tantancewar. Majinyaci na biyu ya rasu kafin a kai ga haɗa masa abin da zai yi masa aiki.

A wajen GD01, fej ɗaya tak aka samu mai kashe ta sosai. Sunansa Muddy. Wata ɗaliba ce ta samo shi a 2010 a birnin Durban na Afirka ta Kudu, daga ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen gauta. Shekaru ya yi a daskare ba wanda ya san yana da wani amfani.

Hatfull bai so a yi jinyar da guda ɗaya ba. Tsoronsa shi ne a cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke jikin yarinyar a sami 'yan kaɗan da Muddy ba ya iya kamawa, su tsira su hayayyafa, a koma gidan jiya. Idan aka haɗa iri uku da ba su da dangantaka da juna, da wuya ƙwaya ɗaya ta kauce wa dukkansu lokaci guda. Akwai wasu biyu, ZoeJ da BPs, waɗanda aka samo a Amurka, da suke iya shiga GD01 amma ba sa gamawa da ita. Matsalarsu ita ce suna cikin irin fej ɗin da kan shiga bakteriya su lafe: su saƙa DNA ɗinsu cikin nata, su yi shiru, ita kuma ta ci gaba da rayuwa, har ma ta sami kariya daga sauran fej irinsu. Abin da ke sa su lafewa wata ƙwayar gado ce guda da ke toshe umarnin kisa. Sai masu binciken suka cire ta daga ZoeJ, suka kuma yi amfani da wani BPs da aka gutsure masa wani ɓangare nata, ta hanyar wata dabara da ɗakin gwajin ya ƙirƙiro tun da daɗewa. Daga nan duk bakteriyar da suka shiga sai sun fasa ta. Shi BPs ma bai tsaya nan ba, sai da aka zaɓo daga cikin 'ya'yansa wanda ya sauya ya fi iya kama GD01. Wannan shi ne karo na farko da aka ba da rahoton jinyar mutum da fej ɗin da aka gyara wa tsarin gado, kuma karo na farko da aka yi amfani da fej a kan irin wannan dangin ƙwaya a jikin ɗan Adam.

Aikin ya ci watanni. Bayan zaɓe da gyara, akwai rainon fej ɗin da yawa, da tace su har su cancanci shiga jijiya, da neman izinin hukumomi. Farfesa Robert Schooley na Jami'ar Kalifoniya a San Diego ya ba da shawara kan yadda za a ba da su. Shi ne ya jagoranci jinyar Tom Patterson a 2016, malamin jami'ar da ƙwayar Acinetobacter baumannii ta kusa kashewa aka ceto shi da fej ta jijiya.

Jinyar

A watan Yuni na 2018 aka dawo da yarinyar asibiti. An fara da shafa haɗin a kan mikin ƙirji don a ga ko jikinta zai yi wani tashin hankali. Da aka ga shiru, sai aka fara ba ta ta jijiya, kimanin biliyan ɗaya na kowane fej, duk bayan sa'a goma sha biyu. Kwana biyu na farko ta yi ta gumi, fuskarta tana ja, amma babu zazzaɓi. Bayan kwana tara aka sallame ta, aka ci gaba da allurar a gida, ana kuma shafawa a kan mikin da ƙurajen. Ba a dakatar da antibayotik ba, tare aka riƙa ba ta.

Gwajin jini ya nuna adadin fej ya yi tashin da allurar kaɗai ba za ta iya bayarwa ba, alamar cewa sun sami abincinsu suna hayayyafa a cikin jiki. A cikin watanni shida mikin ƙirji ya rufe, yawancin ƙurajen suka baje, aikin hanta ya gyaru, numfashi ya ƙaru, ta kuma yi ƙiba. Ta koma makaranta, ta zana jarrabawarta, ta fara koyon tuƙi. A watan Mayu na 2019 mujallar Nature Medicine ta buga rahoton, kafafen labarai na duniya suka ɗauka.

Su kansu marubutan rahoton sun yi taka-tsantsan, kuma sun kyauta. Majinyaci ɗaya ne, babu wani da aka bari ba a ba shi ba don a kwatanta, kuma tana kan wasu magunguna a lokacin. Ba za a iya rantsuwa cewa fej ne kaɗai ya yi aikin ba. Ni dai a ganina hujjar tana da ƙarfi: magungunan nan sun daɗe ana ba ta tana ƙara lalacewa, abu ɗaya aka ƙara, sai ciwo ya juya baya. Amma ƙarfin hujja a kan mutum ɗaya ba shi ne tabbaci ga mutum dubu ba, kuma duk wanda ya gaya wa iyayen wani yaro cewa an samo maganin wannan cuta ya zalunce su.

Domin kuwa ƙwayar ba ta fita daga jikinta gaba ɗaya ba. Jefi-jefi sabon ƙurji kan fito, kuma an ci gaba da yi mata allurar fej shekara da shekaru. Ta rasu a farkon 2022, kusan shekara huɗu bayan ranar da aka mayar da ita gida a kan cewa babu sauran abin yi. Jaridun da suka yi ta yayata warkewarta ba su ba wannan ɓangare irin wancan fili ba. Ban ɗauki shekarun nan ƙaramin abu ba: yarinyar da aka fidda rai da ita tana da 15 ta kai ga zama budurwa, ta yi karatu, ta zauna da iyayenta a gida maimakon gadon asibiti. Sai dai daidai ne a kira abin da sunansa. An danne cutar, an sayi lokaci, ba a kawar da ita ba.

Abin da ya biyo baya

Bayan rahoton 2019 buƙatu suka yi ta kwarara zuwa Pittsburgh daga asibitocin ƙasashe daban-daban. A 2022 Dedrick da Hatfull da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon majinyata 20 da aka yi wa irin wannan jinya, yawancinsu masu sistik faibrosis. An ga sauƙi a jiki ko a gwajin kaki a wajen 11. Babu wanda aka danganta wa fej wata mummunar illa. Wani abin da ya ba da mamaki shi ne 11 daga cikinsu fej guda ɗaya kawai aka samu da ya dace da ƙwayarsu, kuma ba a ga ƙwayar ta koyi kauce masa ba, wato abin da Hatfull ya fi tsoro tun farko bai bayyana yadda aka zata ba.

Matsalar ta ɓullo ta wata kafa. Fej baƙo ne a jiki, garkuwar jiki kuma aikinta korar baƙo. Wani dattijo ɗan shekara 81 da aka yi wa jinya a asibitin Johns Hopkins, wanda ba shi da sistik faibrosis kuma garkuwarsa lafiya lau take, ya sami sauƙi a watan farko, ƙwayar ta ragu a kakinsa. Bayan wata biyu jikinsa ya ƙera sinadaran kariya da ke kashe kaifin fej ɗin, cutar ta dawo. A cikin majinyata 20 ɗin nan an ga irin waɗannan sinadarai a jinin takwas. Ke nan magungunan danne garkuwar da suka buɗe wa ƙwayar hanya a jikin yarinyar Landan, mai yiwuwa su ne kuma suka bar fej ɗin ya daɗe yana aiki. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu likitoci ke gwada shaƙa wa majinyaci fej ta tururi kai tsaye zuwa huhu, kamar yadda Benjamin Chan da Paul Turner da Jonathan Koff na Jami'ar Yale ke yi wa masu sistik faibrosis da ke fama da Pseudomonas.

Sakamako mafi kyau da aka gani ya zo ne daga asibitin National Jewish Health da ke Denver, ƙarƙashin Dakta Jerry Nick, aka buga shi a mujallar Cell a 2022. Wani saurayi ɗan shekara 26 mai sistik faibrosis, wanda cibiyoyin dashe suka ƙi karɓa saboda Mycobacterium abscessus, an ba shi fej biyu ta jijiya tare da antibayotik. Gwajin kakinsa ya daina nuna ƙwayar, aka sa shi a jerin masu jira, a rana ta 379 da fara jinyar aka yi masa dashen huhu. Da aka bincika tsohon huhun da aka cire, ba a iya raino ƙwayar daga cikinsa ba. A nan an gyara jerin abubuwan: aka fara da fej, sannan dashe.

Shi kansa ciwon na gado ya sami sabon babi. A watan Oktoba na 2019 Amurka ta amince da Trikafta, haɗin magunguna uku da ke gyara lalatacciyar ƙofar gishirin a wajen mafi yawan masu ciwon, kuma ya rage masu buƙatar dashen huhu ƙwarai. Amma ba kowa yake yi wa aiki ba, yana da tsadar gaske, kuma ba ya dawo da huhun da ya riga ya lalace.

Sistik faibrosis ba ciwon da muka saba gani ba ne a asibitocinmu, dashen huhu kuwa ya yi mana nisa. Bijirewar bakteriya ga magani dai tamu ce fiye da ta Landan. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye a dalilinta a duniya, kuma yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, kimanin 27 a cikin kowane dubu ɗari. Duk wanda ya san yadda ake sayen kafso biyu ko uku a kemis ba takardar likita, a sha a bari da zarar jiki ya yi sauƙi, ba zai yi mamaki ba. Fej ɗin da aka fara samu mai kashe ƙwayar yarinyar nan daga ƙasar Afirka aka ɗebo shi, kuma ɗaliba ce ta ɗebo shi da kayan aikin da ba su fi ƙarfin ɗakin gwajin jami'a ba. Abin da ke da tsada shi ne abin da ke biye: firiza da wutarta ba ta yankewa shekara da shekaru, na'urar karanta DNA, da wurin tacewa mai tsaftar da za a iya sa abin a jijiyar mutum.

Ko a Pittsburgh ɗin ma tarin bai wadatar ba. Mycobacterium abscessus tana fitowa a faranti da kama biyu: wata gautsi-gautsi mai kaushi, wata sumul mai sheƙi saboda wani maiƙo da ya lulluɓe ta. Fej ɗin da ke hannu suna kashe mafi yawan masu kaushin, amma a binciken da ɗakin gwajin Hatfull ya yi a kan samfuran majinyata, ba a sami wanda ke gamawa da masu sumul ɗin yadda ya kamata ba. Kaso mai yawa na samfuran da asibitoci ke aikowa irin masu sumul ne, kuma amsar da ake mayar wa likitocinsu ita ce babu wanda ya dace.